Da me ake gane cewa zauren intanet ya zama al'umma?

Zainab: Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema kan aikin digirina na biyu. Ina son in binciki yadda mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suke zama al'umma ɗaya a intanet, kuma ta hanyar harshensu nake son in bi: kalmomin da suke amfani da su, yadda suke gaisawa, yadda suke saɓawa su shirya. Malamin da ke duba aikina ya yi mini wata tambaya da ta tsaya mini a rai. Ya ce da me za ki gane wannan zaure al'umma ce, ba tarin lambobin waya da aka zuba a guruf ɗaya ba? Za ka ga zaure mai mutum dubu biyar shiru kake ji, mai mutum arba'in kuwa kowa ya san halin kowa. Daga ina zan kama?

Dakta Rabi: Wa alaikumus salam, Zainab. Malaminki ya yi miki gata da ya tare ki da wannan tun yanzu, domin a kan wannan tambayar aka daɗe ana kai ruwa rana. A 1993 Howard Rheingold ya fitar da littafi a kan WELL, wani zauren kwamfuta da aka kafa a Kalifoniya a 1985, ya kira mutanen cikinsa al'umma. Masana zamantakewa da dama suka ce ba su yarda ba. Ina al'umma ga mutanen da kowannensu zai iya kashe na'urarsa ya tafi ko sallama babu?

Wadda aikinta zai fi yi miki amfani ita ce Susan Herring ta Jami'ar Indiana. A 2004 ta sauko da gardamar kan abin da za a iya nunawa da yatsa a cikin rubutun mutane. Akwai wasu tsayayyun mutane da su ne ke riƙe da hira kullum? Suna da tarihi da ƙa'idojin da suka yi tarayya a kai? Suna tallafa wa juna? Suna kallon kansu a matsayin "mu" da ta bambanta da "su"? An samu manya da ƙanana, da abubuwan da ake maimaitawa har suka zama al'adar wurin? Sai kuma wanda ɗalibai suka fi tsallakewa: suna faɗa, kuma suna da hanyar sasantawa. Ki riƙe wannan da kyau. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Zauren da ba a taɓa ɗaga murya a cikinsa ba, galibi babu wanda ya damu da shi ne.

Auwal: Dakta, da izininki in shigo da ɓangarenmu na masu kwamfuta. Malama Zainab, wasu daga cikin alamomin nan ana auna su da lissafi, ba sai an dogara da "a ganina" ba. Akwai binciken da Cristian Danescu-Niculescu-Mizil da Dan Jurafsky da abokan aikinsu suka fitar a 2013. Rubutun wajen shekara goma suka ɗauko daga shafuka biyu na masu sharhi a kan giya, BeerAdvocate da RateBeer. Abin da ake sharhin a kai ba shi ne damuwarmu ba, tsawon tarihin rubutun shi ne abin amfani.

Ga abin da suka gani. Sabon shiga yakan zo da yawan "ni", "na ji", "ina so". Yana daɗewa yana rage su, yana ɗaukar kalmomin 'yan gida. A farkon zamansa shi ne ma mai saurin cafke sabuwar kalma in ta ɓullo. Sai ya kai wani matsayi harshensa ya daskare. Zauren ya ci gaba da sauya salo, shi yana nan a kan na da, tazara tana ƙaruwa har ranar da zai daina rubutu. Sun ma nuna cewa daga saƙonnin mutum na farko-farko ana iya hasashen ko zai daɗe ko zai yi saurin tafiya. Shawarata ki tara rubutu mai yawa, ki bar na'ura ta yi miki ƙirga.

Malam Bala: Auwal, ban ƙi ta taka ba, amma akwai gyara. Kamannin harshe daban, zumunci daban. Tun shekarun 1970 Howard Giles ya nuna cewa mutum yakan karkata maganarsa zuwa ta wanda yake magana da shi, ko da baƙo ne da ba za su sake haɗuwa ba. To in na shiga shafi na fara rubutu irin nasu, me na tabbatar? Na tabbatar ina da kunne, shi ke nan.

Sannan wani kamannin ba mutane suka yi shi ba, manhaja ce ta tilasta. Twitter ta tsare mutane a harafi 140 har zuwa 2017, dole kowa ya guntule magana. Madannin waya yana miƙo maka kalma kafin ka gama rubuta ta. Mu duba namu ma: slm, ykk, lfy, ngd, wlh, gsky. Wane zaure ne ba a rubuta su? Wanda ya ƙirga waɗannan ya ce ya gano al'umma, ai Hausawan intanet gaba ɗaya ya gano.

Auwal: Malam, shi ya sa ake kwatantawa. Ba yawan kalma ake dubawa ba, yawanta a wannan zaure ake aunawa da yawanta a sauran zaurukan. Wadda ta yi fice a nan kaɗai ita ce tasu.

Malam Bala: Ta zama tasu, na ji. Makanikai ma suna da kalmominsu a duk duniya, kuma ba su san juna ba.

Hajiya Maryam: Ni ba malamar jami'a ba ce, admin ce kawai ta wani zaure na masu jinyar iyayensu tsofaffi. Amma bari in faɗi abin da idona ya gani, ku masana ku auna.

Muna da wata baiwar Allah da duk tambayar da za ta yi sai ta rufe da "a taimaka da haske". Tun ana amsa mata kawai, har aka wayi gari duk wata tambaya sunanta "haske" a wurinmu. Sai ka ga an rubuta, "Ina da haske biyu yau," ko "Wa ke kusa? Hasken gaggawa ne." In aka ce na gaggawa, ko tsakar dare ne sai an samu mai amsawa. Baƙo in ya shigo ba ya gane komai sai an yi masa bayani, kuma mai yin bayanin yakan haɗa da labarin matar, da mahaifinta da ta yi jinya har Allah ya karɓi abinsa. Ka ga ba kalma kaɗai aka ba shi ba, an ba shi tarihinmu.

Na biyu shi ya fi taɓa ni. Wata ta shigo, ko sallama babu, ta turo tallar magani. Kafin in gani, wata 'yar zaure da ba admin ba, ba ta ma cika magana ba, ta rubuta mata: "Baiwar Allah, sannu da zuwa. Nan ba ma tallar magani, saboda akwai masu jinya da za su iya saya cikin ruɗu. Ki gabatar mana da kanki, wa kike jinya?" Ni ban taɓa rubuta wannan doka ba. Ban taɓa cewa a riƙa tambayar baƙo wa yake jinya ba. Su suka yi abinsu. Daga ranar na daina cewa zaurena.

Dakta Rabi: Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin kawo abin da ya raba gardamar Malam Bala da Auwal. Zainab, ki sake karanta saƙon matar nan. "Nan ba ma." Ba ta ce admin ta hana ba. Ta ɗauki dokar a matsayin tata, ta ji zafin karya ta, ta kuma buɗe wa baƙuwar ƙofar gyarawa a numfashi ɗaya. Wannan ne makanikan Malam Bala ba su da shi a tsakaninsu: babu wanda zai tsawata wa wani don ya kira ƙarfe da sunan da ba nasa ba.

Kuma ba a intanet aka fara ganin haka ba. Lesley Milroy ta yi aiki a unguwannin ma'aikata na Belfast, ta buga a 1980, ta nuna cewa inda mutane suka cuɗanya sosai, maƙwabcinka shi ne abokin aikinka kuma shi ne danginka, a nan ne salon maganar wurin yake riƙe mutum gam, saboda akwai idon da ke kansa. A 1991 Jean Lave da Etienne Wenger suka yi bayanin yadda mai koyo yake farawa daga gefe, yana kallo, ana ba shi ƙananan ayyuka, har ya matso tsakiya. Penelope Eckert da Sally McConnell-Ginet suka shigo da wannan tunani cikin nazarin harshe a 1992. Duk abu ɗaya suke nunawa: harshen ƙungiya koyar da shi ake yi, kuma tsare shi ake yi.

Akwai misalin abin da ke faruwa in koyarwar ta gagara. A Usenet, tsofaffin zaurukan tattaunawa da aka fara tun wajen 1980, duk watan Satumba sababbin ɗaliban jami'a sukan shigo su yi ta kwaɓa, tsofaffin 'yan gida su gyara musu, bayan 'yan makonni a daidaita. Daga 1993 zuwa 1994 kamfanonin samar da intanet irin su AOL suka buɗe wa abokan cinikinsu ƙofa, baƙi suka yi ta kwarara ba ƙaƙƙautawa, masu gyara suka kasa. Tsofaffin suka riƙa kiran zamanin da Satumbar da ba ta ƙarewa. Mutane sun ƙaru ninkin-ba-ninki, amma masu wurin suna kukan wurin ya mutu.

Don haka in ni ce ke, ba zan bi kalmomin tsakiyar zaure ba. Bakin ƙofa zan tsaya. Wa ke gyara wa baƙo, da wane lafazi, kuma baƙon ya karɓa ko ya fice?

Nasiru: Ina bin muhawarar tun ɗazu, kuma akwai mutanen da duk kun bari a baya: masu karatu ba sa rubutu. Jakob Nielsen ya yi wani ƙiyasi a 2006 cewa a yawancin zauruka kashi 90 cikin ɗari kallo kawai suke yi, kashi 9 sukan tofa jifa-jifa, kashi 1 ne ke yin yawancin magana. Ƙiyasi ne, ba doka ba, amma duk wanda ke cikin guruf ya san da ƙamshin gaskiya. To in harshe ne ma'auninku, al'ummar mutum ɗaya cikin ɗari kuke aunawa. Ni kaina akwai zauren da na shekara ina karantawa kullum, na san mai saurin fushi, na san mai sasantawa, in an yi wa wani rasuwa har cikin raina nake ji, amma ban taɓa rubuta ko harafi ba. Ɗan gida ne ni ko a'a?

Hajiya Maryam: Ɗan gida ne kai, Nasiru. Irinku ne in sun buɗe baki rana ɗaya sai ka ji sun yi magana da harshenmu tsaf, kamar da su aka fara.

Malam Bala: Wannan kuwa ya ƙara wa Auwal matsala. Na'urarsa za ta ce ga sabon shiga da ya iya harshen gida tun saƙon farko, alhali shekara guda ya yi yana koyo a ɓoye.

Auwal: Na karɓi wannan, gibi ne na gaske. Tunda kuma an zo nan, bari in faɗa wa Malama Zainab wahalar da ke jiranta in da Hausa za ta yi aikin, don kada ta ɗauka danna maɓalli ne kawai.

Da farko rubutu ba ɗaya ba ne. Gaskiya, gaskia, gsky, duk kalma ɗaya ce, na'ura kuwa uku za ta ƙirga. Wani zai rubuta zan, wani xan. Yawancin mutane ba sa saka ƙ da ɗ da ɓ, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Ga gauraya Hausa da Turanci da Larabci a jimla guda. Masu aikin NaijaSenti da aka fitar a 2022, da suka tattara saƙonnin Twitter na Hausa da Yarabanci da Ibo da Turancin Fijin, sai da suka sa mutane suka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya suna yi musu alama da hannu.

Sai babbar: kowa zai ce ki ƙirga "mu". To "mu" ɗin Hausa a warwatse take, mun, muna, muka, za mu, namu, mana. Ita "mana" ɗin ma biyu ce, ta "ki gabatar mana da kanki" daban, ta "zo mana" daban, kuma a rubuce ba su da bambanci. Ko kin tsallake wannan, wace "mu"? Mu 'yan zauren nan, mu mata, mu Hausawa, mu talakawa? Sai mutum ya karanta abin da ya gabata kafin ya sani. Ban ma taɓo saƙon murya da sitika ba, waɗanda a wasu zaurukan WhatsApp su ne rabin hira.

Zainab: Wato dai ƙirgar ma sai na zauna na karanta da idona.

Auwal: Sai kin karanta. Na'ura za ta nuna miki inda za ki duba, musamman sauyin da ya ɗauki shekaru wanda ido ba zai kama ba. Ma'anar kuwa taki ce.

Malam Bala: Akwai wani abu da nake son a sa a gaba, don na ga muna ta ambaton al'umma kamar kullum alheri ce. A 2012 Instagram ta toshe wasu alamomin hashtag da masu ƙarfafa wa juna ƙin cin abinci don ramewa suke amfani da su, cuta ce mai kisa. Masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, su Stevie Chancellor da Munmun De Choudhury, suka bi sawu suka buga a 2016. Mutanen ba su watse ba. Karkatar da rubutun kalmomin suka riƙa yi, a ƙara harafi, a sauya harafi, salo a kan salo, kuma a ƙarƙashin sababbin alamomin hulɗa ta fi yawa, abin da ake turawa ya fi muni. Duk alamomin Herring za ki same su a can: tallafi, "mu" da "su", manya da ƙanana. Harshen sirri da ke haɗa masu jinya a zauren Hajiya, irinsa ne ke ɓoye masu cutar da kansu daga idon mai ceto. Ki rubuta yadda abin yake aiki, kada ki shiga da niyyar yabo.

Dakta Rabi: Wannan gaskiya ne, kuma ya kawo mu kan izini. Zainab, wane zaure kike da niyyar ɗauka, kuma sun sani?

Zainab: Ina cikin wasu guruf biyu na WhatsApp da nake ganin za su dace. Tunanina in kwashi hirar in cire sunaye. Tsorona in na faɗa musu za su sauya yadda suke magana.

Hajiya Maryam: A'a, ƙanwata. Wannan kam a'a. In a zaurenmu ne aka yi haka na gano, ranar zan cire mutum, kuma ba zan saurari ban-haƙuri ba. Mace ta rubuta da ƙarfe biyun dare cewa ta gaji, har tana jin haushin mahaifiyarta da take jinya, tana kuka tana neman a yi mata addu'a. Mu ta faɗa wa. Ba ta faɗa wa kundin digiri ba. Cire suna ba ya wanke wannan, duk wanda ya san ta zai gane ta daga labarin.

Auwal: A rufaffen guruf ina tare da Hajiya ɗari bisa ɗari. Amma shafin da yake a buɗe, wanda kowa zai iya karantawa ba tare da rajista ba, ban ga laifi ba. Ba za a nemi izinin mutum dubu hamsin ɗaya-ɗaya ba.

Dakta Rabi: Ko a buɗaɗɗen akwai hattara, Auwal. In ka kwafi jimlar mutum yadda take ka sa a takarda, duk mai so zai liƙa ta a Google ya fito da mai ita. Ƙungiyar masu binciken intanet ta duniya, AoIR, tun 2002 take fitar da jagora a kan wannan, ta sabunta a 2012 da 2019, kuma abin da take nanatawa shi ne a duba abin da masu rubutun suke tsammani da irin cutarwar da za ta iya biyo baya, ba wai ko ƙofa a buɗe take kawai ba. Mun ga abin da ya faru a 2014 da aka buga gwajin da Facebook ta yi a kan mutum kusan 689,000, ta sauya abin da suke gani don a auna ko yanayin rubutunsu zai sauya, ba tare da sun sani ba. Duniya ta yi ca a kansu, kuma da hujja.

Tsoronki kuwa, Zainab, tsoho ne. Masanin harshe William Labov ya daɗe da bayyana shi: muna son mu ji yadda mutane ke magana in ba a kallonsu, kuma ba mu da hanyar ji sai mun kalla. Maganinsa daɗewa ne, ba ɓuya ba. Nancy Baym, da ta yi nazarin zauren masu kallon wasannin talabijin a Usenet a farkon shekarun 1990, 'yar zauren ce, sun san tana bincike, har tambayoyi ta tura musu suka amsa. Mutane sukan yi taka-tsantsan na ɗan lokaci, daga nan hira ta ja su su koma yadda suke. Ribar kuma ita ce za ki iya komawa ki tambayi mai magana abin da take nufi, wanda mai leƙe a ɓoye ba zai taɓa samu ba.

Zainab: Na gode ƙwarai, na fasa kwasar hirar a ɓoye. Ga yadda nake ganin zan taƙaita aikin. Zaure biyu, da izinin admin da na mambobi, wanda ya ce kada a taɓa saƙonsa a bar shi. Zan bi sababbin shiga daga saƙonsu na farko: wa ya tarbe su, me aka gyara musu, yaushe suka fara amfani da kalmomin gida, yaushe su ma suka fara gyara wa wani. Malam Auwal, zan nemi taimakonka wajen haɗa kalmomin da aka rubuta ta hanyoyi daban-daban. Masu shiru irin Malam Nasiru kuma sai dai in yi hira da su kai tsaye.

Malam Bala: Ki ƙara da waɗanda suka fice. Wanda aka ce wa "nan ba ma haka" ya zauna, shi zai ba ki labari mai daɗi. Wanda aka faɗa wa ya ji an wulaƙanta shi ya tafi, ba ya cikin hirar da za ki karanta, kuma shi ya san tsayin katangar. In kin samu ko biyar ne, ki zauna da su.

Nasiru: Samunsu ne aiki. Wanda ya fita da fushi ba lallai ya amsa saƙon 'yar zauren ba.

Hajiya Maryam: Ta hannun admin za a bi, mu muke da lambobinsu, kuma mu za mu fara tambayarsu ko sun yarda a ba ta. Zainab, ki rubuto mini bayanin aikinki da Hausa mai sauƙi, rabin shafi, ki faɗi abin da za ki ɗauka, da inda za ki ajiye shi, da wanda zai gani. Zan sa a zaurenmu su tattauna. Ban yi miki alkawari ba, in suka ce a'a, a'a ɗin ke nan.

Zainab: Na yarda, Hajiya. Zan fara nuna wa malamina da kwamitin ɗa'ar bincike na sashenmu, in sun sa hannu in turo miki kafin ƙarshen mako mai zuwa, in sha Allah.